Rasuwar Mai Tari, Injin Motar Mai Tawul

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika fal, da hannuwan da har yau baƙin mai bai fita daga ƙarƙashin farcensu ba, iyalan direban nan da kowa ya sani da Mai Tawul suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da direbobi da kanikawa da masu lodi, rasuwar tsohon injin babbar motarsu, wanda aka fi sani da Mai Tari. Ya cika ne a kan hawa, da rana tsaka, da kaya a bayansa, bayan doguwar jinya da wata gajeriyar lafiya wadda ta fi jinyar tayar wa iyali da hankali. Mai son yin dariya ya yi abarsa yanzu ya gama, domin akwai roƙon da za a yi masa a ƙarshen sanarwar nan, kuma roƙon ba na wasa ba ne.

Ba wanda zai iya rantsewa a kan shekarun marigayin. Ya shigo gidan nan da ƙuruciyarsa, a cikin motar da mahaifin Mai Tawul ya saya tun Mai Tawul yana rarrafe. An sake wa motar bodi, an canza mata tayoyi ba adadi, an yi ta shafa mata fenti har launinta na asali ya ɓace wa kowa, ƙofar direba ma ta wata motar ce da ta riga ta tafiya. Shi kuwa Mai Tari yana nan inda aka dasa shi. Ya ɗauki siminti, ya ɗauki katako, ya ɗauki buhunan hatsi, ya kwashe komatsan mutanen da mai gidan haya ya kora, ya kai marasa lafiya asibiti a ranar da ba a sami ƙaramar mota ba. Bai taɓa tambayar abin da aka ɗora masa ba.

Marigayin mai haƙuri ne, amma ba za a yi masa ƙarya don ya mutu ba. Yana da shan mai. Yana da nawa da safe, sai an lallaɓa shi an kira sunansa, wata rana ma sai maƙwabta sun fito da kayan barci sun tura. Hayaƙinsa ya ɓata wa matan layi shanya ba sau ɗaya ba, kuma an sha zagin ubangidansa a kan haka. A kan hawa har mai keke yakan wuce shi, ya waiwayo ya ce sannu da aiki. Duk da haka bai taɓa kwana da direbansa a daji ba, ko da rarrafe ne sai ya kawo shi gida. Agogunan da ke gaban sitiyari, na zafi da na mai, sun mutu tun zamanin tsohon, wato mahaifinsa, kuma Mai Tawul bai damu ya gyara su ba, don da kunne yake tuƙi. In injin na jin ƙishirwa ya sani, in yana jin zafi ya sani, daga muryarsa kawai.

Sunansa ya samo asali ne daga yadda yake sallama. In aka iso ƙofar gida aka kashe shi, ba ya mutuwa nan take irin na injinan yanzu marasa ladabi. Sai ya girgiza ya ce guf, ya ɗan dakata, ya ƙara da guf-guf, sannan ya saki wani siririn fito, fiii, motar duka ta yi rawa ta tsaya. Girgizar nan takan bi ta ƙasa ta shiga ɗakin farko na gidan, tagar ƙarfe ta karkaɗa, murafan kwanukan da ke jere a kan kanta su kama ƙara.

A wannan ɗakin Iya take, mahaifiyar Mai Tawul, kuma a nan maganar ta daina zama abin dariya. Tsufa ya taɓa mata tunani. Maigidanta ya daɗe da rasuwa, ta yi kukansa, ta karɓi gaisuwa, ta rayu shekaru bayansa da hankalinta garau, sai daga baya abin ya goge mata tas. Yanzu a wurinta yana hanya. Tsawon zamansu ba ta taɓa cin abincin yamma kafin ya dawo ba, kuma tsufan da ya kwashe mata sunayen jikokinta bai iya kwashe wannan ba. Da rana takan kurɓi shayi ta ajiye. Abincin kirki kuwa sai murafai sun yi ƙara, sannan ta gyara ɗankwali ta ce, "To, ya dawo. Ku zuba masa nasa, ni ma ku miƙo mini nawa." Ba ta neman ganinsa, takan ce yana waje da baƙi, ai ka san halinsa.

An gwada gaya mata gaskiya a can baya. Sai ta fasa kuka sabo fil, ta yi ta yi har muryarta ta dushe, da yamma kuma Mai Tari ya yi tarinsa a ƙofar gida, ta dubi mutane ɗaya bayan ɗaya ta ce Allah ya isa tsakaninta da maƙaryata. Daga nan aka bar ta. Mai Tawul ya daina karɓar lodin nesa, duk inda aiki ya kai shi sai ya juyo kafin rana ta faɗi, don ya zo ya kashe mota a ƙofar gida uwarsa ta ci abinci. Sauran direbobi suna tsokanarsa wai kaza ce shi, da wuri yake shiga akurki. Yakan goge wuya da tawul ɗin nan nasa da ba ya rabuwa da kafaɗarsa, ya ce eh, ya ji.

Cutar ajali ta fara a hankali. Marigayin ya soma shan ruwa fiye da kima, ya ƙara shan baƙin mai, hayaƙinsa ya koma fari, ƙarfinsa ya yi ta zubewa. Masu kaya suka fara sunkuyar da kai in sun hango motar, su ba wani lodin. Wata rana a kan hawa ya gaza, motar ta soma ja da baya da kaya a kanta, Allah ya kiyaye birki ya kama. Labarin ya riga Mai Tawul isa gida, ya tarar da ƙanensa Auta zaune a tsakar gida yana jiransa da hoton wani inji a waya.

"Yaya, don Allah ka ji tausayin kanka," in ji Auta. "Dubi nan. Sabo ne fil a akwati, ƙarfinsa ya ninka na wannan tsohon. Ya hau dutse da kaya kamar ba komai, ba hayaƙi, ba turawa da safe. In ka kashe shi, tsit."

"Tsit ɗin ne ba na so," in ji Mai Tawul.

"Iya za ta saba."

"Kai za ka riƙa zuwa kana ba ta abinci kafin ta saba?"

"To in motar nan ta juye da kai a kan hawa fa? Wa zai zo ya yi mata tari a ƙofar gida? Ni?"

Matar Mai Tawul tana wanke-wanke a gefe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ku dai ku yi abin da za ku yi da wuri. Kwanon Iya ni nake ɗaukewa, ni nake ganin abin da ya rage a ciki."

Gaskiyar magana kowa a cikinsu yana da gaskiya, kuma shi ne abin da ya hana Mai Tawul zama. Ya zauna ya tashi, ya fita waje ya buɗe kan mota ya leƙa, ya rufe, ya dawo, tawul ya bar kafaɗar dama ya koma ta hagu. Ya je shagon da ake sayar da sabon injin wai don ya gani da idonsa ya raina, sai ga shi yana shafa shi da tafin hannu. Kai, abin yana da kyau! Kuma shi ma fa ɗan Adam ne, yana son ko sau ɗaya a rayuwarsa ya wuce wata mota a kan hawa ya waiwaya ya ce sannu da aiki. Ya fito daga shagon ya yi nisa, ya komo ya tambayi yadda ake kashe shi. Mai shago ya tayar da irinsa a wata mota ya murɗa makulli, abu ya ɗauke ɗif. Mai Tawul ya yi godiya ya kama hanyar garejin Sifana.

Sifana bakanike ne, abokin Mai Tawul tun suna samari, kuma duk wanda ya san aikin inji ya san hannunsa. An yanke shawara a yi wa marigayin garambawul, a sauke shi, a wargaza shi, a canza abin da ya mutu, a mayar. Mai Tawul bai ɓoye masa komai ba. Ya gaya masa zancen Iya daga farko har ƙarshe, sannan ya kama hannunsa ya ce, "Ka gyara duk abin da zai kashe shi. Amma tarin nan da fiton nan, ka bar masa abinsa. Ka ji ko?"

Sifana ya dafa ƙirji. "Haba, Iya ai uwata ce. Abincinta nawa na ci? Je ka kwanta ka yi barci."

Mai Tawul bai yi barcin ba. An gaya wa Iya maigida ya yi doguwar tafiya, ta yarda, amma loma kaɗan take yi ta ture kwano. Mai Tawul ya tare a gareji, yana zagaya Sifana yana hana shi sakat, har Sifana ya rantse in bai bar wurin ba zai ajiye aikin. Da ya sani da ya ƙi tafiya.

Ga yadda Sifana yake aiki, kuma duk kanikawan da suka koya a hannunsa haka suke yi. Yakan shimfiɗa tamfol, ya wanke kowane ƙarfe da fetur, ya ɗaga shi ya duba a hasken rana, ya bi shi da babban yatsa. Mai lafiya ya jera shi a layi. Wanda ya cinye kuwa sai ya wurga shi ta bayan kafaɗa kan tulin tarkace, ko waiwaye ba ya yi, hannun ne ke yin abinsa. Da ya zo mahaɗar inji da salansa sai ya tarar da wani falle na gwangwanin madara, baƙi ƙirin, wanda tsohon ya yanka ya cusa a wurin tun shekaru aru-aru a madadin abin da ya kamata a saka. Ta nan fiton yake fita. Sifana ya tuna alkawari, ya ɗora fallen a kan duro. Sai dai da aka zo mayarwa, ga inji ya yi fes, komai sabo yana ƙyalli, ga gwangwanin madara a hannunsa. Daga baya ya ce wallahi ya kai shi wurin har sau biyu, hannunsa ya ƙi. Ya ce a ransa, in motar nan ta fita daga garejina tana tari da fito, me za a ce? Sai a ce Sifana ya tsufa. Ya lallashi kansa cewa tari ai hali ne, ko an gyara inji ba zai bar halinsa ba. Ya saka sabon abu ya ɗaure tam, gwangwanin kuma ya bi shara, mai sayen tarkacen ƙarfe ya zo ya kwashe.

Ranar da aka sallamo marigayin daga gareji, rantsuwa ba kaffara bai taɓa lafiya irin ta ranar ba. Bugu ɗaya ya tashi. Ya ja motar nan kamar saurayi, a kan hawa ya wuce wata tirela, kuma an ga haƙoran Mai Tawul a waje, ba zai iya musu ba. Ya shigo layi da yamma, ya tsaya a ƙofar gida, ya murɗa makulli.

Tsit.

Ya zauna riƙe da sitiyari. Ya sake tayarwa ya kashe. Ya kuma tayarwa, ya taka totur, ya kashe. Maƙwabta suka firfito suna yi masa barka, wata mai shanya har da guɗa. Matarsa ta leƙo daga ƙofa, suka haɗa ido, ta girgiza kai.

Abin da ya faru a gareji washegari ba zai shiga sanarwar rasuwa ba, don akwai kalmomin da ba su dace da makoki ba. Mai Tawul dai ya ce an ci amanarsa. Sifana ya ce tun da aka halicci duniya bai taɓa jin an zagi bakanike don ya gyara inji ba. Mai Tawul ya ja shi da hannu har gida, har ɗakin Iya. Sifana ya durƙusa ya gaishe ta, ya ga yadda warwaronta yake zamewa har gwiwar hannu, ya ga kwano a rufe a gefenta ba a taɓa ba. Ta tambaye shi ko ya haɗu da maigida a hanya. Ya fito waje ya tuɓe rigarsa ta fita unguwa ya rataye a madubin mota, ya ce a miƙo masa akwatin aiki.

Nan aka shiga zamanin da ba za a manta ba, manyan mutane biyu masu furfura sun duƙufa suna neman yadda za su ɓata inji mai lafiya. Gidan Mai Tawul ya sha madarar gwangwani har ta gundure su, kowane iri an saya, an yanka, an daka, an huda, an cusa. An sami fito irin na buta a kan wuta, an sami na alƙalin wasa, an sami wani da ya tara karnukan unguwa, amma ba a sami na marigayin ba. Tarin kuwa ya fi wuya, domin ashe ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba, cinyewar ƙarafa ce ta shekara da shekaru ta haɗu ta ba da shi. Su sassauta nan, su ɗaure can, su ja wancan baya. Kanikawa daga wasu garejoji suka riƙa zuwa ba da shawara, kowa da gwanintarsa a kan lalata aiki, har wani ya yi fushi don an ƙi bin tasa. Kowace yamma a kawo mota ƙofar gida a kashe, Mai Tawul ya zura wa ƙofa ido, matarsa ta leƙo ta girgiza kai.

Auta, Allah ya saka masa, bai ce ai na faɗa ba. Ya bi wayoyin dangi har ya samo wani tsohon bidiyo da aka ɗauka a tsakar gida, inda ake jiyo tarin daga nesa. Ya haɗa da lasifika ya kunna a bakin taga. Iya ta ce a kashe rediyon nan yana damunta. Ashe kunnenta ya yi nauyi tuni, ba sautin take ji ba, rawar taga da ta murafai take ji. Sai matar Mai Tawul ta lallaɓa ta bayan kantan kwanukan ta girgiza shi da hannu daidai lokacin da aka kashe mota. Iya ta juyo ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, me kwanukana suka yi miki?"

Mai Tawul ya rame tare da uwarsa. Ba ya iya gama cin abinci a zaune, ba ya iya gama magana, ana gaishe shi yana kallon wani wuri. In wata tsohuwar mota ta wuce a titi sai ya tsaya cak ya kasa kunne, wata rana har ya bi wata a guje ya roƙi direban ya kashe ta ya ji. A ƙarshe ya tafi wurin mai sayen tarkacen ƙarfe, ya wuni yana tona tuli da hannunsa, ya dawo da wasu tsofaffin ƙarafa a buhu yana cewa na Mai Tari ne, ya gane su. Sifana ya duba ya ce ko nasa ne ko ba nasa ba, in aka mayar da waɗannan za su kashe shi, kuma shi ba da hannunsa ba. Mai Tawul ya ce da ma hannun naka ne ya kawo mu nan. Ya ja motar gida ya ɗaura su da kansa.

Washegari ya ɗauki lodin bulo. Da marigayin yana da tsohuwar muryarsa, da tun daga gindin hawa Mai Tawul ya ji cewa yana zafi, ya tsaya ya ba shi ruwa. Amma muryar sabuwa ce, kunnensa bai san yarenta ba, agogon zafi kuwa allurarsa na kwance inda ta kwanta tun zamanin tsohon. Suna tsakiyar hawa ya ji wani ƙara a ƙasa, ƙwal, tururi ya turnuƙe gilashi. Ya yi maza ya gangara gefe ya ja birki. Kafin hannunsa ya kai ga makulli, injin ya girgiza ya ce guf. Ya dakata. Ya ce guf-guf. Sannan fiii, siriri, dogo, motar duka ta yi rawa ta tsaya. Shi ne, sak, ba ragi ba ƙari, a gefen hanya inda ba taga ba kwanuka, ba kowa sai awaki.

"Yanzu?" in ji Mai Tawul. "A nan?"

Ya kifa kai a kan sitiyari ya yi kuka, kukan gaske, har da shessheƙa, kuma iyali ba su ga abin kunya a faɗin haka ba. Da aka janyo motar gareji, Sifana ya buɗe ya duba, ya tarar gangar jikin injin ta tsage gida biyu. Ya cire hularsa ya ce wannan kam ya fi ƙarfin hannu.

Da yammar ranar Iya ta aika a kira mata babban ɗanta. Ya shiga ya durƙusa, tawul a hannu yana murɗawa. Ta daɗe tana kallon taga, sannan ta ce, "Tagar nan ta daina motsi. Kai, dube ni. Ubanku ya rasu ne?"

Ya buɗe baki zai ce yana hanya, sai ya tuna ba sauran abin da zai zo ƙofar gida ya mara masa baya. Ya ce, "Ya rasu, Iya. Ya daɗe da rasuwa."

Ta yi kuka, amma a hankali. Gari ya waye ba ta manta ba. Yamma ta yi, ba abin da ya yi tari ya ƙaryata maganar, aka sake wayewa tana sane. Sai kuma ta tashi da faɗa. "To ina mutane? Mutum kamar ubanku, wanda ba gidan da bai ɗaukar wa kaya ba a layin nan, a ce ya rasu ba mai tako ƙofata ya yi mini gaisuwa? Ko ni ba ni da kowa ne? Ku share ɗakin nan, ku ɗora tukunya, za a zo."

Sifana ne ya fara zuwa, da wankakkiyar riga, idonsa jajur. Ya zauna a kan tabarma ya yi mata gaisuwa yadda ake yi, ya faɗi alherin tsohon, kuma bai rasa abin faɗa ba. Ta sa aka kawo masa abinci. Ya ce ya ƙoshi, ta ce a ɗakinta ba a cewa haka. Da ta ga yana jin nauyin ci shi kaɗai, ta ce a miƙo mata nata ta taya shi. Suna hira suna ci, ta yi rabin kwano. Matar Mai Tawul ta fito da kwanon tana riƙe da shi da hannu biyu, ta nuna wa mijinta.

Marigayi Mai Tari ya rasu ya bar giya guda, tsohuwar abokiyar zamansa, wadda ita ma ba lafiya ce ta ishe ta ba. Ya bar lagireto mai yoyo, da batura biyu da suka sha wahalarsa da safe, da tayoyi waɗanda ba uwarsu ɗaya ba, da agoguna da suka riga shi. Ya bar ubangidansa Mai Tawul, da likitansa Sifana wanda ya warkar da shi, Allah ya yafe masa. Ya kuma bar magaji, sabon injin nan da Auta ya tsaya tsayin daka aka kawo, mai ƙarfi, mai tsabta, marar magana. Iyali ba su da ƙorafi a kansa, sai dai ba su saba ba tukuna.

Za a sauke gawar da sarƙa a garejin Sifana ranar Asabar da hantsi, shi ne kuma zai wanke ta da fetur da hannunsa, kamar yadda ya roƙa. Daga nan za a ɗora ta a kan kura a raka ta wurin mai sayen tarkacen ƙarfe, wanda aka roƙa kada ya sa mata guduma sai iyali sun juya baya. Ba a bukatar taro a can, mutum kaɗan sun isa.

Gaisuwa kuwa a ɗakin Iya za a karɓe ta, lokacin abincin yamma, kuma ga roƙon da aka ambata tun farko. Ku zo da yunwarku. In an kawo abinci kada a ce an ƙoshi, kuma a ci a hankali, a ja hira, don sai baƙo yana ci take ci. Kada kowa ya ambaci inji a gabanta. Ku ce Allah ya ji ƙansa, ku nufi tsohon da addu'ar, ai ya cancanta, duk wanda ya taɓa ɗaukar wa kaya ya zo ya faɗa mata da bakinsa. Kuma don Allah kada ku taho rana ɗaya ku ƙare. Ku ga matar Mai Tawul ta gaya wa kowa yammarsa, wanda ya zo kuma ya sake dawowa, Iya ba za ta ce ta gan shi ba.

Masu abin hawa su ajiye a bakin layi su ƙaraso da ƙafa. Wanda yake da tsohuwar babbar mota mai girgiza in an kashe ta, don girman Allah ya bar ta a gida. Za ku tarar da Mai Tawul a bakin layin kowace yamma yana kai da kawowa, tawul a hannu, yana tare duk tsohuwar motar da ta doso, kuma wanda ya tare kada ya ji haushi. Ya ƙare ƙarfinsa yana neman tarin nan bai samu ba. Yanzu kuwa in tagar nan ta kuskura ta motsa, Iya za ta gyara ɗankwali ta ce a zuba wa maigida abinci, kuma shi ne zai sake shiga ɗakin ya durƙusa ya gaya mata.